Ranar da Firinta Ta Yi wa Injiniya Jamaluddeen Biyayya

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna, ka bar shayin ya huce. Labarin babban mutum zan ba ka, shi kuwa labarin manya ba a jin sa a tsaye.

Idan ka taɓa bin titin Koudoukou a shekarun da Bangui ta rikice, lokacin da unguwar Kilomita Biyar ta zama kamar tukunyar da aka rufe aka ɗora wa dutse, ba shiga ba fita sai da rakiyar sojojin ƙasashen waje, to ka wuce ta gaban fadar Injiniya Jamaluddeen ko da ba ka lura ba. Ba laifinka ba ne. Fadar rumfar kwano ce, a matse tsakanin mai facin taya da kaskon makala, wato fanken nan namu na Bangui. Amma allon da ke samanta ya fi ta faɗi: Babbar Cibiyar Fasahar Zamani, Darakta Janar Injiniya Jamaluddeen. Shi ne Daraktan, shi ne Janar ɗin, shi ne kuma mai share ƙofa da sassafe kafin idon jama'a ya buɗe.

Bawan Allahn nan ilimi ya zo masa ne a rana ɗaya, kamar zazzaɓi. Kafin rikici cajin waya yake yi, kowa ya san shi da Jamalu mai caji. Da masu gyaran kwamfuta suka bi manyan motoci zuwa Kamaru da Cadi, sai gari ya waye babu mai musa masa. Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ya sayi tabarau marar magani. Ya sa aka sassaƙa masa hatimi mai faɗin bakin kofi, ko rediyo ka kawo gyara sai ya buga masa. Ya daina jin sallamar duk wanda bai haɗa da Injiniya ba. Samarin unguwa, da yake ba su san darajar masana ba, suka raɗa masa Danna Mu Gani, don wai iyakar fasaharsa ke nan.

Cibiyar tana da dukiya biyu. Ta farko kwamfuta ce dattijuwa, wadda ake kunnawa a tafi sallah a dawo a tarar tana miƙa. Manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa har waɗanda suka yi ta sun daina tambayar lafiyarta. Ta biyu firinta ce mai launi, kusan sabuwa, wadda Alhaji Abdulganiyu mai atamfa ya bar masa amana ranar da zai bar gari. Tawadar da ke cikinta ita ke nan a duk unguwar, don shagunan da ake sayarwa suna can tsakiyar birni, bayan shingayen da mai sunan Musulmi irin Jamaluddeen ba ya tsallakawa ya dawo. Injiniya ya lulluɓe ta da leshi kamar kayan ɗaki. Bai taɓa buga ko baƙi ɗaya da ita ba, amma kullum yakan dafa ta ya ce wa masu jiran caji:

"Wannan injin da kuke gani, in na ga dama, taswirar duniya zai fitar, har da kifayen da ke cikin teku. Tausayin takarda nake ji kawai."

Dokin mai baki ya fi gudu. Sai ranar da aka kawo masa sirdi.

Zulaihat ce ta kawo, mai kaskon makalar nan ta gefensa. Mahaifiyarta, Inna Hureira, ta bi ayarin farko zuwa Garuwa Bulai, a bakin iyakar Kamaru, ta bar Zulaihat da tsohon ciki. Yarinya ta zo, aka mayar mata da sunan kakarta, ana ce mata Ummi. Tsohuwa kuwa jiki ya ƙi daɗi, wayar da ke hannunta ba ta nuna hoto, kuma saƙonta ɗaya ne a bakin duk mai zuwa: a nuna mata takwararta kafin ta Allah ta kasance. Ranar nan Lado mai tirela zai tashi bayan la'asar tare da ayari, wani ayarin kuma sai yadda hali ya yi. Zulaihat ta zo da hantsi, jaririya a goye, hotonta a cikin ɗan katin waya ƙulle a bakin zani.

"Yaya Jamalu, hoto ɗaya tak za ka fitar mini."

Injiniya ya hau nazarin rufin kwano.

"To, Injiniya."

"Madam! Bara ala, sannu da zuwa, shigo. Kin zo inda ya dace. Kafin man kaskonki ya yi zafi an gama."

Ya yaye leshi a gaban jama'a kamar mai buɗe sabon asibiti. Ya ja janareta, ya jona kebul. Dattijuwar kwamfuta ta yi tari, ta fito da ɗan akwatin rubutu cikin Faransanci: ta ga baƙuwa a ƙofa, amma ba ta san ta ba, a kawo mata pilot. Shi pilot ɗin nan, in ba ka sani ba, ɗan tafinta ne da ake zuba wa kwamfuta don ta iya magana da firinta. In babu shi, sai su zauna gefe da gefe suna kallon juna kamar kurame biyu a tasha.

Injiniya ya karanta saƙon da ƙarfi, ya gyaɗa kai kamar wanda ya daɗe yana jiran sa.

"Kun ji ko? Gaisuwa ce. Injin da ya san darajar mai shi ba ya fara aiki sai ya gaishe shi."

Ya danna. Akwatin ya dawo. Ya danna. Ya dawo. Ya kashe kwamfuta ya kunna, jama'a suka je suka sha ruwa suka dawo. Ya zare kebul ya hura masa iska kamar mai tofi. Intanet kuwa babu zancenta, tun da aka yanke layin unguwar. Can ya tono jerin sunayen firintocin da dattijuwa ta sani tun ƙuruciyarta, ya zaɓi wadda sunanta ya fi daɗin faɗi. Firinta ta yi gurnani, ta tofo takarda ɗauke da layi guda na zuciyoyi da ƙugiyoyi da 'yan fuskoki masu murmushi. Ya ɗaga ta sama.

"Wannan shi ne asalin harshen injin. A duk Bangui mu uku ne muke karanta shi, biyu sun gudu."

Mai facin taya ya tambayi abin da ta ce. Injiniya ya ce sirri ne.

Rana ta take. Zufa ta jiƙe kwalar rigarsa, hula ta karkace. Babban mutum kuwa ba ya barin hularsa a karkace, ko da gari na ci da wuta. Ya jawo madubinsa daga aljihun tebur, wani faifai mai sheƙi da ya tsinta a kwalin firintar tun ranar da aka kawo ta, wanda yake duba gashin baki da shi, wani lokaci ya rufe kofin shayi. Yana kallon kansa ta gefe ɗaya, Zulaihat da ke zaune a gabansa tana kallon ɗaya gefen.

"Injiniya, ga hoton injin nan naka a bayan madubinka."

Ya juya faifan. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi murmushin malamin da ɗalibinsa ya ci jarrabawa.

"Voilà! Ina jira ne in ga ko akwai mai lura a cikinku."

Ya goge zoben shayi da hannun riga ya zura faifan. Faifai ya ce a zare kebul tukuna, kada a jona sai ya ba da izini. Injiniya ya ji zafin wannan magana ƙwarai. Shi, Darakta Janar, faifai zai ba umarni? Ya bar kebul a jone. Aiki ya tsaya a rabi. Ya sake, ya tsaya. Da ya miƙe a fusace zai yi wa jama'a bayanin lalacewar kayan zamani, sai ƙafarsa ta harɗe kebul ɗin ta fizge shi. Nan take aiki ya wuce sumul. Ya ce dama lissafin da yake yi ke nan.

Yanzu tafinta ya shiga, saura gwaji. Kai da ni da hoton jaririya za mu fara. Amma mu ba masana ba ne.

"Madam, ba a fara sabon inji da ƙaramin mutum. Raini yake koya."

Ya buɗe nasa hoton. Ka san shi, wanda ya ɗauka da kwat ɗin aro, hannu a haɓa, a gaban labule mai zanen littattafai, ga muƙamansa jere a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ya danna buga. Firinta ko motsi. Ya sake dannawa. Shiru. Sai ya hau dannawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya san da mutane a ciki, yana danna yana zagi, yana danna yana ce wa jama'a yeke yeke, wato sannu-sannu, a yi haƙuri. Abin da bai sani ba, dattijuwa ba ta mantuwa. Duk dannawar da ya yi tana jera ta a layi, tana turawa ta wata tsohuwar kafa mai faɗi a bayanta wadda babu abin da ke jone da ita. Da aka kira la'asar a Masallacin Koudoukou, Zulaihat ta fara hawaye, sai ya yi mata alfarma ya danna hoton Ummi sau ɗaya. Ya shiga layi, a can ƙarshe.

An idar da sallah, Lado ya tsaya a bakin titi yana hon. Cikin ruɗewa Injiniya ya yi ta danne-danne har Allah ya kai linzaminsa kan jerin kafofi, ya canza zuwa wadda kebul yake ciki.

Firinta ta farka.

Takarda ta fito a hankali: hula, tabarau, hannu a haɓa. Jama'a suka yi kabbara. Injiniya ya ɗaga ta da hannu biyu, ƙwalla a idonsa. Ta biyu ta fito, shi ne. Ta uku, shi ne.

"Ku bar ta! Mubaya'a take yi."

Ya tsaya yana tara kansa a hannu yana daidaita gefuna. Sai da Zulaihat ta ce, "Tawadar fa?" sannan ya lura kumatunsa sun fara kore. Ja ya ƙare. Ya ruga ya danna soke, dattijuwa ta ƙame ta shiga dogon tunani. Ya zare wa firinta wuta, ya mayar, ta ɗora daga inda ta tsaya, don ita baiwa ce mai cika umarni. Injiniya kore ya fito, Injiniya ruwan toka ya bi shi, sai Injiniya mai ratsi-ratsi kamar an hango shi ta cikin asabari, kowane ya fi na baya dusashewa. Da layi ya zo kan Ummi, firinta ta ja takarda ta ƙarshe, ta yi ta kai da komo da iyakar gaskiyarta, ta miƙo ta a cukurkuɗe, fara fat.

Lado ya sake hon.

Injiniya ya gyara murya zai fara bayani a kan zafin rana da ingancin tawadar Turai. Zulaihat ba ta tsaya ji ba. Ta kwance goyo, ta zari ɗaya daga cikin dusassun hotunansa ta kife a tebur. Ta jawo ɗan akwatin tawadar hatiminsa, wanda ko taɓawa ba a yi, ta dangwala ƙafar Ummi a ciki ta manna a bayan takardar. Yarinya ta tsala ihu. Ga ɗan tafin ƙafa shuɗi, da 'yan yatsu kamar ƙwayar gero. Ta ninke ta ruga ta miƙa wa Lado ta taga. Sauran tarin kuwa ta dawo ta kwashe ba tare da ta nemi izini ba. Har aka yi sati, duk wanda ya sayi makala a titin Koudoukou a cikin fuskar Darakta Janar ake ƙunshe masa, mai yana tsattsafowa ta tabarau.

Kana zaton ya karaya? Ba ka san manya ba. Ya ce talla ce, kuma ga shi hotonsa ya tsallaka iyaka, abin da ko ministoci sai da fasfo.

Da ayari ya dawo, Lado ya tsaya shan shayi a gaban rumfar. Ya ce wa Zulaihat Inna ta rungume takardar ta yi kuka ta yi dariya, ta ce wannan babban yatsan na gidansu ne, har ta tashi ta ci tuwo. Injiniya ya yi ta kaiwa da kawowa a bayansu, ya kasa haƙuri.

"Ni fa? Me mutanen Kamaru suka ce da suka ga hoton?"

Lado ya kurɓi shayi. "Ai Injiniya, an yi maka addu'a. Ka san a kwanakin nan in hoton mutum ya zo daga Kilomita Biyar a dusashe da suna a ƙasa, abu ɗaya ake nufi. Har sadakar ƙosai aka yi."

Injiniya ya dafa tebur. Amma da yake mai hangen nesa ne, nan da nan ya ga ribar abin: ba kowa ke jin yabon da za a yi masa bayan ransa ba.

"To, me suka ce a kaina?"

"Da farko ba a gane ka ba. Sai wani tsoho ya ce, au, Jamalu mai caji ne! Allah ya jiƙansa, na yafe masa rediyona."

"Takardar fa, tana ina?"

"Tana bangon ɗakin Inna, an kafa ta da ƙusa. Mata har layi suke yi su kalla."

Ƙirjin Injiniya ya taso. Ya juya ga mai facin taya da masu jiran caji, ya ɗaga yatsa zai fara jawabi. Lado ya ajiye kofi ya miƙe.

"Sai dai ƙafar ce a waje. Kai bango kake kallo."

To, kai da ka zauna ka ji, raba mana gardamar da har yau ake yi a bakin kaskon Zulaihat: a takardar nan, ina ne gaba, ina ne baya?