Likitan Hoto da San Na'Allah

Tambuwal ta yi malamai, ta yi attajirai, ta yi manoman da rumbunansu ba sa ganin ƙasa, amma sai a zamaninmu Allah ya yi mata baiwar Dakta Nu'umanu, Likitan Hoto. Kada ka tambaye ni jami'ar da ta ba shi Dakta. Shi ya ba kansa, kuma duk garin babu wanda ya fi shi sanin cancantarsa.

Asibitin nasa wani ɗan shago ne kusa da tasha. A ciki akwai benci, da fanka mai kuka, da kwamfutar cinya da aka ɗaure murfinta da salatif. A waje kuwa allo ne ya tsaya tun daga ƙofa har rufi, ɗauke da hoton wani kyakkyawan saurayi fari sol, mai dogon hanci da suma baƙa wuluk, ciki a lafe kamar bai taɓa cin tuwon dare ba. Wannan shi ne Dakta. Wanda za ka tarar zaune a ciki, gajere, baƙi, mai sanƙo da tumbi, shi ma Dakta ne. Baƙi sukan yi masa sallama su tambaye shi ko mai shagon na nan, shi kuma ya ɗauki tambayar a matsayin yabo ga aikinsa.

Ba ya gyara hoto sai ya yi wa mai shi lacca.

"Masu hoton da, ɗauka kawai suka yi," in ji shi, yana juya linzamin kwamfuta da ɗan yatsa ɗaya. "Ni aikin tiyata nika yi. Wanga shi aka ce ma mas, wato lulluɓi. In na shafa fari, gyara shi fito. In na shafa baƙi, gyara shi ɓoye. Ga buroshi kuma. Inda duk nis shafa, nan kaɗai haske ka sauka, maƙwabcinai bai sani ba. Ba gyaran halitta nika yi ba, astagfirullah. Taimaka mata nika yi."

Ya kuwa taimaka mata ba kaɗan ba. Amaren garin sun fito a hoto fuska fara kamar alli, wuya da hannu suna nan yadda iyayensu suka haife su, don buroshin Dakta a haɓa yake gajiya. Wani malamin Islamiyya ya kawo hotonsa, Dakta ya ga tabon sallah a goshinsa ya ɗauka datti ne, ya goge shi tas. A makon ne kuma ya zana wa wani mai neman kansila tabon da ya fi na liman girma. Babu wanda ya yi asara, tabo ne ya sauya gida.

Ana cikin wannan zamani na albarka, sai ga wani dattijo daga Fakku ta ƙasar Kebbe, sunansa Na'Allah, ya sauka daga kabu-kabu ƙafafunsa sun yi futu-futu. Manomi ne mai shanun huɗa biyu, kuma an kwance masa ɗaya daga turke. Ga damina ta kawo kai, hadari na haɗuwa kullum da yamma, garma kuma ba ta tafiya da sa ɗaya. In san nan bai dawo ba, gonar da ke ciyar da gidansa bana ciyawa za ta noma. Ni dai na ji tausayinsa.

Abin da ya rage masa hoto ɗaya ne a wayar matarsa Rabi'atu, mai duhu, an ɗauke shi gab da magariba. An ba shi shawara ya kai a haska shi, a raba wa dillalai a kasuwannin dabbobi, ko wani zai gane san.

"Ɗana, ina mai shagon?" ya tambaya.

Dakta ya gyara zama. "Baba, gabanka shike. Likita aka ce man."

Na'Allah ya dubi allo, ya dubi mutumin. Ya miƙa waya. "A haska man shi kawai, yadda za a gane shi."

Dakta ya ɗora hoton a kwamfuta, ya duba, ransa ya ɓaci. San yana da ƙaho ɗaya a gutsure, kunnen hagu a tsage, baƙin tabo ya zagaye ido, ga zanen lalas, wato shaidar wuta, a cinya. Dabba irin wannan ta fita da sunan asibitinsa a ƙasan hoto? Ya ce wa dattijon ya je ya yi sallah ya ci abinci, ya nannaɗe hannun riga ya shiga tiyata.

Lulluɓi ɗaya ya cika ƙahon ya fiƙe shi. Wani ya ɗinke kunnen. Buroshi ya bi ido ya wanke tabon, ya bi cinya ya shafe lalas, ya dawo ya ƙara wa tozo tsayi. Da ya ga ƙasar Fakku ta yi ja da yawa, sai ya shimfiɗa wa san koriyar ciyawa irin wadda bai taɓa gani ba ko a mafarki. A kusurwa ya manna tambarinsa, wato fuskar saurayin nan na allo, ta fi kan san girma. Sannan ya share asalin hoton daga wayar Rabi'atu, don ɗanyen aiki ba ya yawo bayan ya ratsa hannunsa.

Da Na'Allah ya dawo ya ga hoton an buga shi a takarda, ya daɗe yana kallo.

"Likita, san wa na wanga?"

"Naka na, Baba. Yadda ya kamata shi zama."

Dattijon ya so ya yi magana, amma mutumin da ake ce wa Likita ya fi shi sanin boko, ga mai kabu-kabu yana jira. Ya naɗe takardun ya tafi. Hoton ya zaga wayoyin dillalai daga Kebbe har Dogon Daji. Kowa ya yaba, wasu har suka tambayi ko na sayarwa ne, amma babu wanda ya taɓa ganin sa mai kama da shi.

Na'Allah da kansa ne ya yi kiciɓis da dabbarsa ranar kasuwar Tambuwal, a kara, wato wurin cinikin shanu, hannun wani baƙo mai suna Atiku, ana shirin loda ta a tirelar kudu. Ya riƙe igiya ya yi kururuwa. Aka kai magana gaban Sarkin Kara, shugaban dillalan wurin, dattijo mai jan gemu da ba ya gaggawa. Aka ce Na'Allah ya kira san a gani. San ya zo. Atiku ya kaɗa damin harawa, san ya juya ya bi shi, don tun can makwaɗaici ne. Shaidun Na'Allah suna Fakku, hanya kuma ba ta da kyau. Sai ya zaro hujjarsa daga aljihu.

Atiku ya karɓi takardar ya ɗaga wa jama'a. "Ku duba don Allah! Wanga mai ƙaho biyu, nawa mai gutsure. Wanga fari tas, nawa mai tabo. Tsoho, san da ka ɓatar ya fi nawa kyau, je ka nemi abinka."

Aka yi dariya. Sarkin Kara bai yi ba. Ya ce a kirawo wanda ya yi hoton, in an yi la'asar babu hujja, tirela za ta tashi da san.

Wanda ya buga wa Dakta waya ya iya magana, don cewa ya yi manya na neman ra'ayin ƙwararre. Kafin ka ce me, ga shi a bayan kabu-kabu cikin babbar riga, kwamfuta a rungume, yana ɗaga wa mutanen da ba su gaishe shi ba hannu.

"Ranka shi daɗe, ni na Dakta Nu'umanu. Aikin ga nawa na, kuma ban jin kunyatai gaban kowa."

Atiku ya sake duba takardar, ya ɗora yatsa a kan tambarin kusurwa. "Ranka shi daɗe, ga mai hoton nan. Fari na, da suma, da hanci. Wanga kuwa wa shike? Shaidar zur tsohon ga yay yo haya."

Sarkin Kara ya dubi tambari, ya dubi Dakta, ya sake duban tambari. "Malam, gaskiya ba ku yi kama ba. Ko ƙanenka na?"

"Ni na!"

"To, nuna muna."

Akwai wani ɗan ido da ke gefen kowane lulluɓi a kwamfuta. In ka danna shi, gyaran ya ɗauke, abin da ke ƙasa ya bayyana. Dakta ya sha yin alfahari da idon nan, yana cewa shi ba ya ɓata komai, rufewa kawai yake yi. Bai taɓa zaton za a sa shi ya danna shi a tsakiyar kara ba. Ya ce sirrin sana'a ne. Ya ce rana ta yi yawa, allon ba zai nuna ba. Wani ya buɗe lema a kansa. Direban tirela ya tayar da inji, Na'Allah ya kama gefen babbar rigar ya ce, "Ɗana, gonata."

Sai Dakta ya buɗe hoton kansa, dillalai suka yi masa rumfa. Ya danna ido na farko, suma ta tashi, sanƙo ya haska. Ya danna na gaba, hanci ya koma ya zauna. Na gaba, farin ya zube, wani ya ce, "A'a, ya fara zuwa!" Da tumbi ya dawo mazauninsa, jama'a suka yi kabbara gaba ɗaya, kamar an ga wanda ya daɗe a tafiya.

"Yanzu mun gane ka," in ji Sarkin Kara. "Saura san."

Wannan bai ɗauki lokaci ba, hannun ya riga ya saba. Ƙaho ya gutsure, kunne ya tsage, tabo ya koma ido, lalas ta fito a cinya, koriyar ciyawa ta tafi ta bar jar ƙasar Fakku. A bayan san, can cikin duhun da aka rufe, ga Na'Allah tsaye da igiya a hannu, ga ɗaya san huɗar a gefensa. Aka waiga neman Atiku, sai damin harawarsa aka gani a ƙasa.

Na'Allah ya rungume wuyan dabbarsa yana hamdala, hawaye na bin gemunsa. Dakta kuwa ya rufe kwamfuta, ya karkaɗe riga, ya fara dawowa hayyacinsa. Ya gyara murya.

"Kun gani ko? Da wani na yay yi aikin, da asali ya ɓace. Ilimin mas na yac ceci san ga."

Na'Allah ne kaɗai ya juyo, da zuciya ɗaya, irin ta mutumin da aka yi wa alheri yana neman abin da zai saka da shi.

"Allah shi yi ma albarka, ɗana. Amma ka ji shawarar tsoho. Hoton nan naka na ƙasa, mai sanƙon, ka wanke shi ka ba iyalinka su aje. In ka ɓace anka raba wancan na allo, har a tashi duniya ba a samunka."