Waƙar Kayan Aro

Ba zan taɓa mantawa da ranar lallen Yaya Rakiya ba, don a ranar ce na fara rera waƙar da na tsara da kaina a gaban mutane. Ina aji biyu a kolej lokacin. A lekol, wato makaranta, ba a san ni da magana ba, madam ɗinmu ta faransanci ma sai da shekara ta kusa ƙarewa ta riƙe sunana. Amma ina wanke-wanke ko ina hanyar gida, waƙa nake haɗawa a zuci. Burina ɗaya ne, Inna Tamu, zabiyar unguwarmu ta Dagmanet, ta sa ni cikin ƴan amshinta.

Waƙoƙina na farko duk na rediyo ne da na canza wa sunaye. Wata rana an aike ni kai wa Inna Tamu tukuɗi, na yi ƙarfin hali na rera mata ɗaya, kaina a sunkuye. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ɗiyata, wannan mai ita yana nan da ransa. Ki je ki faɗi abin da idonki ya gani."

To, gani kam ba a fi ni ba. Wanda ba ya magana ai kallo ne aikinsa.

Yaya Rakiya ɗiyar Gwaggo Hajo ce. Angonta yana aikin zinariya a Djado, danginsa kuma an san su da ƙare wa ɗakin amarya kallo. Saboda haka gwaggo ta yi abin da kowa yake yi a unguwa, ta cike kayan jere da na aro, a mayar bayan biki. Ni aka riƙa aika in ɗauko. Na ga matan unguwa suna fito da kayansu mafi kyau ba tare da ɓata rai ba, abin ya burge ni ƙwarai, na ce wannan zumunci ya cancanci waƙa. (Wallahi yabo na yi niyya. Har yau babu wanda ya yarda a gidanmu.)

Da la'asar mata sun cika tsakar gida, dangin ango a kan tabarmar gaba, ana kiɗan ƙwarya. Inna Tamu ta hango ni a bayan randa, ta miƙo mini mikro, abin maganar da take waƙa da shi. "Zo mu ji abin da kika gano."

Na karɓa na fara: "Rakiya ta kowa, amarya ta unguwa." Ƴan amshi suka karɓa, aka yi guɗa. Daɗi ya kama ni, na ɗaga murya.

"Sarƙar wuyanki ta Hajiya Maimuna, ta ba da ita da hannu biyu. Dardumar ɗakinki ta gidan liman. Tasoshin jere na Inna Ladi, ga ɗigon jan farce a gindinsu don kada su ɓace."

Ƙwarya ta farko ta yi shiru, sai ta biyu. Ni kuwa idona a rufe, ina shirin shiga baitin labule. Abin da ya sa na buɗe ido shi ne ƙarar tasa. Gwaggon ango ce ta miƙa hannu ta ƙofar ɗakin da aka ajiye kayan jeren, ta ɗauko ɗaya, ta kife ta, ta duba gindin.

"Ashe!" ta ce. "Ga shi kuwa, ja."

Gwaggo Hajo ta ja mayafi ta rufe baki. "Ke ɗiyar nan, wa ya aiko ki?" Daga bayana na ji mamata ta mintsine ni a cinya. Yaya Rakiya tana ƙarƙashin lulluɓi, kafaɗunta suna motsi, ban san kuka take yi ba ko dariya. Na nemi inda zan ajiye mikro na rasa, sai na tsaya riƙe da shi, numfashina yana fita ta lasifika.

Inna Tamu ce ta zare shi daga hannuna. Ta yi wa masu ƙwarya alama, ta ce cikin waƙa, "Wadda aka kai ɗaki ba ta ari ko ludayi ba, ta miƙe mu gan ta!" Babu wadda ta miƙe. Wata tsohuwa ta fashe da dariya, sauran suka bi. Gwaggon ango ta mayar da tasar, awarwaronta suna ƙara. Na gane su sarai, na matar mai shagon kusa da lekol ɗinmu ne. Na haɗiye wannan baitin.

Bayan an watse Inna Tamu ta kira ni. "Awarwaron nan kin gan su?"

"Na gani, Inna."

"Kika yi shiru?"

"Na yi."

"To ki zo ran asabar. Amshi kawai, mikro sai kin yi hankali."

Gwaggo Hajo ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da kyau. Ina nan a bayan Inna Tamu ina amshi, ina tsara nawa a gida. Yanzu in na haɗa baiti, ina fara tambayar kaina wace ce za ta ja mayafi ta rufe baki in ta ji shi. Yawanci baitin da ya fi daɗi shi ne wanda nake cirewa.