Wanda Fayil Ke Kan Ƙirjinsa

Wani ne a nan Iskandariya ta Masar, ma'aikacin wani ofis da ke duba asibitoci da gidajen tsofaffi. Kar ku tambaye ni sunansa. Shekara goma sha tara yana aiki a wurin, shugabansa ma bai riƙe sunan ba, balle ni. "Mai kwat ruwan ƙasa" ake ce masa, don kwat ɗin ya fi shi fice a ofis.

Teburinsa yana bakin ƙofar banɗaki. Duk wanda zai shiga sai ya ce masa, "Ɗan matsa." Burinsa ɗaya ne a duniya: teburin da ke jikin taga, inda idan ka miƙa wuya tsakanin benaye biyu za ka hango teku, faɗin tafin hannu. To mai teburin ya yi ritaya.

Ran Lahadi shugaban sashen, Ustaz Fikri, ya kira shi. Shi kuma Ustaz Fikri mutum ne da ba ya ɗaga kai daga takarda. Da launin riga yake gane ma'aikatansa.

"Kai, mai kwat. Ga fom, tambaya arba'in. Ka je gidan tsofaffin nan na unguwar Muharram Bek, ka duba yadda ake kai su asibiti da yadda ake dawo da su. Ba sanarwa, ka faɗa musu kwatsam. Ka kawo min rahoto kafin Alhamis, teburin taga naka ne. Ka makara, na ba wani."

"Ranka ya daɗe, ko a kan kaina ne zan ɗauko shi."

"Ka ɗauko shi a hannu dai, kamar kowa."

Ran Litinin da hantsi mutumin namu ya isa. Tunda an ce kwatsam, sai ya ƙi ƙofar gaba, ya zagaya ta kicin, ya ratsa tsakanin tukwane, babu wanda ya gan shi. Kai, wayo!

A zauren baya ya tarar da gadon ɗaukar marasa lafiya. Wani tsoho na zaune a kai, ya sa rigar asibiti, yana kaɗa ƙafa, fayil a kan cinyarsa. Amm Shahhat ke nan, ɗan shekara tamanin da ɗaya. Sau goma sha ɗaya ana kai shi asibiti ana dawo da shi, yau na sha biyu yake jira.

"Baffa, sannu. Ni mai bincike ne daga ofis."

"Ah, maraba da Basha, babban mutum! Ni ma shekara arba'in na yi a aikin gwamnati."

"To, to." Namu bai ma saurare shi ba. Ya zaro biro. "Tambaya ta bakwai. Shin gadon ɗaukar majinyaci yana da laushi?"

Tsoho ya kalli kwat, ya kalli fom, ya kalli ƙofar kicin.

"Basha, ni tsoho ne, bayana ya daina ji tuntuni. Wannan tambayar sai baya mai ilimi. Ka kwanta ka ji da kanka."

Namu ya ga gaskiyar maganar. Ya kwanta.

"A'a, da kwat? Ai kwat ne zai ji laushin, ba kai ba. Kawo in riƙe maka. Sa wannan rigar, da ita ake kwanciya."

Ya cire kwat, da waya da katin aiki duk a aljihu, ya miƙa. Ya sa riga.

"Ta takwas fa me ta ce?"

"Shin ɗamarar gado tana riƙe majinyaci?"

"Bari mu gani."

Tsoho ya ja ɗamara ta ƙirji, ya ja ta gwiwa, ya ɗaure tamau. Ya rufa masa bargo har haɓa. Sannan ya ɗora masa fayil a ƙirji, ya daddanna shi.

"Motsa mu gani."

"Ba na iya motsi."

"To rubuta: tana riƙewa. Au, hannunka a ɗaure yake. Kawo fom ɗin, zan rubuta maka a can cikin haske."

Tsoho ya zura kwat, ya ɗauki fom, ya bi ta tsakanin tukwane.

Kun dai san yadda aikin yake a garin nan. Masu motar asibiti ba sa tambayar suna. Wanda fayil ke kan ƙirjinsa, shi ne majinyaci. Ko jaki suka tarar da fayil a ƙirji, za su auna masa jini.

Ba a yi minti biyar ba sai ga Usta Bayumi direba da abokin aikinsa. Suka kama gado, ɗaya gaba ɗaya baya.

"Ku tsaya! Ku tsaya! Ni ma'aikacin gwamnati ne!"

Usta Bayumi ya buɗe fayil, ya bi layi da yatsa, ya nuna wa abokinsa.

"Ga shi nan. 'Yana da ruɗewa. Yakan ce shi ma'aikacin gwamnati ne.' Wallahi gidan nan sun iya rubutu. Kalma ɗaya ba su bari ba."

"Ni mai bincike ne! Ku na zo bincika!"

"Haka ne, Baffa. Ni kuma hafsan sojan ruwa ne. Ɗaga, mu je."

A hanya suka kunna jiniya, motoci na darewa. Namu ya ce a ransa, ko ba komai tambaya ta goma sha biyu ta samu amsa, ana sauri da majinyaci. Sai ya ji an taka birki. Ashe shagon koshari, wato dafa-dukan shinkafa da taliya, ake sauri a riska kafin layi ya yi tsawo. Usta Bayumi ya dawo da kwano biyu, ya leƙo baya.

"Ka yi haƙuri, Baffa. Fayil ya ce kar ka ci komai."

A asibiti babu gado, aka jingine shi a baranda kusa da ƙofar banɗaki. Duk wanda zai shiga sai ya ce masa, "Ɗan matsa." Nan ne kawai ya ji kamar yana gida.

Wani likita, Dakta Murad, ya zo da nas a bayansa, Sitt In'am, mace mai damtse kamar na masu sauke kaya a tashar jirgin ruwa. Likita ya duba fayil, ya duba mutum.

"Tamanin da ɗaya? Masha Allah! Baffa, me kake ci?"

"Dakta, shekarata hamsin da biyu!"

"Ka ji ko, Sitt In'am? Haka ake so, mutum ya ji kansa yaro. Gobe za a leƙa cikinsa. A ba shi maganin wankin ciki, a cire masa haƙoran roba."

Likita ya wuce. Sitt In'am ta kawo kofi da ruwa, ta naɗe hannun riga.

"Tofo su nan, Baffa."

"Me zan tofo?"

"Haƙora."

"Nawa ne! Da su aka haife... da kansu suka fito!"

"Fayil ya ce tun shekara goma da suka wuce ba ka da ko ɗaya. Kai da fayil wa ya yi karatu? Buɗe."

Ta zura yatsu biyu, ta kama na sama, ta ja. Namu ya yi ƙara. Ta kafa ƙafa a jikin gado, ta sake ja. Gado ya biyo ta. Ta kira wata nas ta danne masa goshi. Suka ja, suka girgiza, suka huta, suka sake. Can dai wani haƙorin turmi da dama yake girgiɗi tun bara ya ba da kai.

Sitt In'am ta ɗaga shi sama tana dubawa, ta jinjina kai.

"Kai, masu haɗa haƙoran zamani! Har da saiwa suke sa musu."

Maganin wankin ciki kuwa ba sai na ba ku labari ba, kuna shan shayi. Abin da zan ce kawai, an yi dabara da aka ajiye shi kusa da ƙofar nan.

Ran Talata aka zo ɗaukarsa, sai magatakarda ya ce ba a leƙa cikin kowa sai ɗan'uwansa ya sa hannu.

"Ina mai jinyarka, Baffa?"

"Matata tana garin Tanta wurin ƙanwarta."

Magatakarda ya duba fayil, ya sassauta murya.

"Allah ya ji ƙanta. Shekara ashirin da rasuwarta, har yanzu yana cewa tana Tanta. Wannan ita ce soyayya. A mayar da shi gida, babu mai sa hannu."

Usta Bayumi ya kwashe shi zuwa Muharram Bek. Mai gadi ya ce takardar sallama ba hatimi, ba zai karɓa ba. Suka koma asibiti. Mai hatimi ya tashi, hatimin yana aljihunsa. Ran Laraba mai hatimi ya zo, ya buga, amma a shafin da ba shi ba. Suka je, suka dawo, suka sake zuwa. Kafin la'asar namu ya san duk wani rami da ke titin da ƙashin bayansa. Da fom yana hannunsa, da ya cika shi har da bayan takarda.

A ƙarshe da aka shigar da shi gidan tsofaffin, shugabar gidan, Madam Ni'imat, tana tsaye da wata mai kula da tsofaffi, Umm Ragab, wadda shekara shida ita ke ba Amm Shahhat abinci. Umm Ragab ta yaye bargo, ta dafe ƙirji.

"Madam! Wannan ai ba Amm Shahhat ba ne!"

Namu ya fashe da kuka.

"Allah ya yi miki albarka, baiwar Allah! Faɗa musu!"

Madam Ni'imat ta ja ta gefe, amma ba ta rage murya ba.

"Umm Ragab, kai ashirin da huɗu aka damƙa min a gidan nan. Da wannan, ashirin da huɗu ne. Idan ba shi ba ne, to mun ɓatar da tsoho, a makon da na ji ƙishin-ƙishin mai bincike zai zo. Kina son aikinki? Sake dubawa da kyau."

Umm Ragab ta dawo, ta sunkuya, ta daɗe tana kallonsa.

"Shi ne, Madam. Asibiti ce ta gyara shi. Har gashi ya fito."

Ran Alhamis da safe, ana rabon wake da burodi, namu ya lallaɓa ofishin Madam ya ɗauki waya. Lamba ɗaya ya haddace a rayuwarsa, ta ofis.

"Ranka ya daɗe, ni ne! Mai kwat ruwan ƙasa! A taimake ni, rahoton..."

"Wane rahoto?" in ji Ustaz Fikri. "Mai kwat ya kawo rahotonsa tun Talata. Shekara talatin ban ga irinsa ba. Har adadin ramukan titi ya sa, har sunan shagon koshari. Kamar wanda aka kai asibiti sau goma."

"Ba ni ba ne! Ka duba hoton katin!"

"Na duba. Hatimi ya rufe rabin fuska, kamar na kowa. Ga shi can ma a teburin taga, yana miƙa wuya. Kai wane ne? Daga ina kake kira?"

"Daga gidan tsofaffi."

"Allah ya ba ka lafiya, Baffa."

Ƙit.

Da azahar gida ya ruɗe. Ana shara, ana fesa turare, ana ɓoye bokitai. Mai bincike ya zo, ta ƙofar gaba kuwa. Kwat ruwan ƙasa, an goge shi, kati a rataye a wuya, sabon fom a hannu. Hannun kwat ɗin ya ɗan yi masa tsawo, amma ya fi mai shi iya tafiya a ciki.

Umm Ragab ta riƙe baki.

"Madam, wannan ai..."

"Rufe min baki. Kawo wa Basha shayi, sukari uku. Ke kin fi kowa sanin yadda yake so."

Aka zagaya da shi ɗaki ɗaki, har aka zo gadon namu. Namu ya diro, rigar asibiti tana buɗewa ta baya, ya cakumi kwat.

"Kai! Tsohon banza! Kwat ɗina! Katina! Teburina! Shekara goma sha tara ina jiran tagar nan!"

"Akwai iska kuwa," in ji Amm Shahhat a hankali. "Da la'asar har jirgin ruwa nake gani. Rabinsa dai."

"Ka faɗa musu gaskiya! Ka faɗa musu ko ni wane ne!"

Tsoho ya ɓamɓare yatsunsa daga kwat ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗe wurin. Ya karɓi fayil daga hannun Madam, ya karanta a tsanake. Sannan ya buɗe fom, ya lashi bakin biro.

"Tambaya ta arba'in. Shin majinyaci ya dawo da sauƙi fiye da yadda ya tafi?"

Ya kalli namu daga sama har ƙasa, ya girgiza kai, ya juya wurin Madam.

"Da ya tafi, cewa kawai yake shi ma'aikacin gwamnati ne. Yanzu har kwat ɗina yake so. Ku ɗora masa fayil, a kira Usta Bayumi."