Yadda Ake Buɗe Rijiya Ɗaya da Hannun Kowane Ɗan Majalisa

Kai da ke zaune a ƙauye kana kallon 'yan majalisar jiha suna zuwa suna wucewa kamar motocin Jos, ba ka taɓa samun ko hula ba, matso. Ni a aji uku na ajiye boko, amma abin da zan koya maka babu shi a jami'a. Ka bi shi tiryan-tiryan, duk wanda akwati ya fitar a mazaɓarku, kai ne nasa. Daga Bebeji har Doguwa yana ci.

Ɗanliti ya gwada. Shi ne shugaban kwamitin ruwa na wani ƙauye can bayan Burumburum, kada ka tambaye ni wace mazaɓa. Tun dawowar farar hula, da rijiyar burtsatse ɗaya tak ya ci zamanin kowane Honorabul. Kujerar nan ita ce takinsa, ita ce babur ɗinsa, ita ke zaunar da shi sahun gaba a taro. In ta kuɓuce, Ɗanliti manomin gyaɗa ne kawai.

Mataki na 1: Nemi rijiyar da ta mutu

Mai aiki ba ta da amfani a gare ka. Nemi mai dogon tanki da ake hangowa daga titi. Ta Ɗanliti, Honorabul Abdulganiyu ne ya haƙa ta. Damina ɗaya ta yi tana ba da ruwa, injin ya ƙone, mata suka koma rafi. Kowa ya yi baƙin ciki, Ɗanliti kuwa ya ɗaga kai ya kalli tankin, ya ga gona.

Mataki na 2: Kada ka yi jam'iyya, ka yi gaisuwa

Jam'iyya rigar aro ce. Ranar da aka faɗi sakamako, ka riga maroƙa isa ƙofar wanda ya ci. Da Honorabul Mujitaba ya kayar da Abdulganiyu, Ɗanliti ya zube gabansa.

"Ranka ya daɗe, wanda ya sauka ya bar mu da ƙishirwa."

"Ba kai ne ka yi masa jawabin godiya a gabana ba?"

"Bakina ne ya yi, ranka ya daɗe. Zuciyata tana wajenka tun lokacin."

Ka lura, bai ce a gyara rijiya ba. Cewa ya yi a zo a buɗe ta. Gyara tsada, buɗewa hoto.

Mataki na 3: Fenti

Sabon Honorabul, sabon launi, sabon suna a jikin tanki. Na Mujitaba kore ne. Kotu ta sauke shi kafin fentin ya gama bushewa, aka rantsar da Honorabul Ismail, tanki ya koma shuɗi. Ismail ya sauya sheƙa, tanki ya bi shi. Ya sake dawowa, tanki ya dawo. Yanzu in ka sa farce ka kankara, tarihin mazaɓar gaba ɗaya zai fito maka ɓawo-ɓawo kamar albasa. Masu hikima sun ce, wato ni, wanda ya riƙe burushi ya fi wanda ya riƙe ƙuri'a daɗewa.

Mataki na 4: Ruwan aro

Nan ne sirrin. Dole famfo ya zubar da ruwa ranar buki. Ɗanliti yana da Hamma, wani makiyayi mai kurar shanu. Da sassafe Hamma zai cika durom-durom a rafi, a kafa tsani, a juye a tanki. Honorabul ya yanke ƙyalle, a murɗa famfo, ruwa ya yi tsalle, a yi guɗa, a ɗauki hoto, ya wanke hannu. Motarsa na juya baya, ka kulle.

Kada ka bar mai gari ya yi dogon jawabi famfo na buɗe. Tanki ba kogi ba ne.

Mataki na 5: Nisanta tsofaffin mata

Matasa ana rufe musu baki da riga mai hoto. Tsohuwar da ta shekara ashirin tana hawa gangaren rafi da tulu ba ta da murfi. Ta ƙauyen Ɗanliti sunanta Inna Hasiya. Duk ranar buki sai ta tare shi.

"Ɗanliti, yau ma sunan gawar ake?"

"Inna, a rufa asiri, baƙi na tafe."

"Asirin da ke saman ƙarfe, kowa na gani? Allah ya raya. Ni dai bayana ya gaji."

Sai ya sa a shimfiɗa mata tabarma can nesa gindin tsamiya, wai don inuwa.

Mataki na 6: Tace ruwan, don Allah tace ruwan

Honorabul na baya-bayan nan, Nazifi, yaro ne matashi, ya zo da samari kowa da waya a sama. Ƙarshen damina ne, rafi ya cika da 'ya'yansa. Ɗanliti ya nemi matarsa Zuwaira ta ba shi tsohon mayafi a ɗaure bakin durom, ta ce mayafinta ba ya aikin ƙarya. Ya ce to a juye haka, wa zai leƙa?

Aka yanke ƙyalle, ruwa ya zubo. Maimakon Honorabul ya wanke hannu kamar magabatansa, sai ya ce, "A ba ni kofi. Abin da jama'ata za su sha, ni zan fara sha."

Aka tara kofi. Honorabul ya kai baki, ya tsaya, ya ƙura ido. Ga talibambam, baƙi sil, yana kaɗa jela yana zagaya kofin kamar shi aka zo buɗewa.

"Shugaba, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, alamar an kai ruwa mai zurfi ce. Ba kowace rijiya ke samun irinsa ba."

Ashe Inna Hasiya ta bar tabarmarta. Ta leƙa kofin.

"Ɗan nan, kada ya ruɗe ka. Wannan na san uwarsa, a rafi take, kullum muna gaisawa."

Honorabul ya juya neman mai ƙaryata ta, idonsa ya faɗa kan Hamma. Shi kuwa Hamma ba a gaya masa abin ɓoyewa ba ne.

"Ai ni na kawo shi ɗazu. Sauran 'yan'uwansa suna sama."

Wayoyi na ɗauka.

Mataki na 7: Kada ka bari a gyara ta da gaske

Kafin la'asar an kalli talibambam a Kiru, an kalle shi a Riruwai. Kunya ta yi abin da ƙuri'a ta kasa. Cikin makon Honorabul ya turo sabon inji da farantan sola. Ruwa ya zo, na ƙasa, ba na Hamma ba, kuma bai ɗauke ba. Mata suka kafa nasu kwamitin, suka rataya wa Zuwaira mukulli a wuya.

Ɗanliti ya je da jarka ya nufi gaba, kamar yadda ya saba.

"Maigida, layi," in ji Zuwaira.

"Ni ne fa shugaba."

"Na wadda ta mutu. Wannan mai rai ce. Bi bayan Inna."

Ya bi. Zaɓe na gaba wani zai ci, ya zo ƙauyen, ya tarar babu abin buɗewa, kuma ba wanda zai tambayi ina Ɗanliti. Jiya na gan shi tsaye kan wata kwalbati da ruwa ya cinye, hannu a baya, yana auna faɗinta da ido.

A ƙarshe, duk wanda ya bi matakan nan aka kama shi, ban san shi ba, bai san ni ba, karatu ma ban iya ba balle in rubuta. In kuma tsautsayi ya sa garinku ya samu ruwa, ka kuka da kanka.