Ranar da Mikisa Ta Haɗiye Muryata

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da bikin yayar Saudatu a Rogo Sabon Gari ba. Shekara guda ina son yarinyar nan, amma in muka haɗu iyakata "ya mutanen gida?" A littattafan soyayyar da na taso ina karantawa kuwa, saurayi ba ya furta so haka gayansa. Sai ya tanadi rana, ya girgiza taro.

Don haka na rubuta waƙa, na kai sutudiyon wani abokina a Ƙaraye. Ya gyara muryata har ni kaina na so ta (a zahiri kamar ana jan buhun gyaɗa a siminti take). Ya sa ta a tsakiya, 'yan amshi biyu kuma ɗaya a kunnen dama, ɗaya a hagu. Duk baitin da na koka da ciwon so, sai su amsa: "Allah sarki, Allah sarki." Shirina shi ne in riƙe makirfo a kashe, in riƙa motsa baki.

Mai kayan sautin bikin wani dattijo ne, Baba Tukur. Ya ce, "Ɗana, bari in yi la'asar in zo in haɗa maka." To, a wane littafi jarumi ya taɓa jiran dattijo? Na hango Saudatu ta zauna gaba-gaba cikin leshi ruwan zuma. Na zaro kebul ɗina mai zobe biyu a kai, na jona salulata, na ga rami daidai shi a mikisa, wato na'urar haɗa sauti, na cusa. Ya shige lafiya lau. Na shiga fili, na dafe ƙirji, na lumshe ido.

Sarewa ta tashi siririya. Na buɗe baki da dukkan shauƙina, lasifika ba ta ce komai ba. Ganga ma ta ɓace. Can sai 'yan amshi: "Allah sarki, Allah sarki."

Maimakon in tsaya, sai na ci gaba (har yau ban san dalili ba). Ina wangale baki, ina nuna sama, ina nuna zuciya, su kuma suna ta jajanta min. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Ashe bebe ne? Ga shi kyakkyawa." Ta kusa da ita ta ce, "Ɗan gidan Malam Habu ne, jiya ma ya gaishe ni. Ko dai aljanu ne?"

Baba Tukur ya iso, ya zare kebul ɗin, ya juya shi a hannu. "Salularka sitiriyo take bayarwa, dama daban, hagu daban. Wannan ramin kuwa balans ne. Murya ɗaya yake jira ta layi biyu, ɗaya a miƙe, ɗaya a kife. Duk abin da ya zo masa iri ɗaya a layukan, ƙara yake ɗaukarsa, ya zubar. Ai da kebul mai kai biyu za ka sa, kowanne da raminsa."

Na ce, "Baba, to muryata fa?"

"Tana tsakiya, iri ɗaya a duka biyun. Ramin a matsayin ƙara ya ɗauke ta." Ya ɗan dube ni. "Kada ka riƙe shi a zuci, bai san ka ba."

Ina laɓe a bayan lasifika Saudatu ta same ni, tana danne dariya da gefen mayafi. "Malam mawaƙi, 'yan amshi sun ba ni tausayi. Me ya same ka haka?"

Babu sarewa, babu baiti. Da muryata ta buhun gyaɗa na ce, "Son ki nake."

"Shi ne sai da ka tara mutane? Ka zo gida ranar Juma'a, ka gaida Babanmu."

Darasin da na ɗauka: kama da wane ba ta wane, shigar kebul rami ba ta nufin nan ne gidansa. Kuma in dattijo ya ce jira in yi salla, ka jira. Yau 'ya'yanmu biyu, amma ko ciwon kai na ce ina yi, sai ta karkata kai ta rera min, "Allah sarki, Allah sarki."