Tsanin Mai Wuta Ya Daina Cizo

"Lafiya lau, Kawu. Ya ƙafar? Ya mutanen gida?"

Bai gama gaishe ni ba hannunsa ya koma kan damtsensa yana susa. Ɗan ƙanwata ne, mai aikin wayar lantarki, kowa Mai Wuta yake ce masa. Ya jingine dogon tsaninsa a bangon shagon 'yata, inda take fesa wa kujeru da gadaje fenti. Ni a bencin bakin ƙofa nake wuni, ba na sa baki sai an tambaye ni. Taubasan nan biyu kuwa tun suna rarrafe ba sa haɗuwa a rabu salin-alin.

Ta leƙo tana goge hannu.

"Baba, wa ya sako mana biri a shago? Ji yadda yake susa."

"Gajeriya, gaishe da ubangidanki tukuna."

"Bawana, matsa can kada ka shafa wa kujerun mutane ƙazwa."

"Ƙazwar gidanku. Kuɗin cizo ne."

"Ka gan su?"

"Ban gan su ba, amma sau uku na sa aka shanya katifa. An canza sabulu, an tafasa zannuwan gado."

Ta fito daga shagon. Ta kai bayan hannunta jikin tsanin, ta janye da sauri. Tsanin na faiba ne, wato roba mai zaren gilashi, irin wanda masu lantarki ke so saboda wuta ba ta bin sa. Shekara shida yana wuni a saman mota, rana ta cinye masa fata, jan ya koɗe, ƙananan zaruruwa masu ƙyalli kamar garin gilashi sun fito.

"Ga kuɗin cizonka nan, kullum kana saɓa su a kafaɗa. Allah ya ba matarka haƙuri, ta tafasa zannuwa a banza."

Ya dubi tsanin, ya dube ni. Na dubi titi.

Sai ya ciro gwangwanin fenti daga jaka, muryarsa ta ɗan sauka. Ya samu aikin wayar wani babban ɗakin ajiyar kaya, aikin da ya daɗe yana bi. Jibi injiniya zai duba kayan aikin kowa a bakin ƙofa, wanda tsaninsa bai yi ba, ya koma gida.

"Fesa masa wannan ya koma sabo. Ruwan azurfa ne, injiniya sai ya kare ido."

Ta juya gwangwanin ta karanta, ta zauna a kan kujerar da ba a fesa ba tana dariya har da hawaye.

"Baba, ka ji ɗan ƙanwarka! Ya sayi tsanin da wuta ba ta bi, yanzu zai lulluɓe shi da fenti mai garin ƙarfe. So kake mu je mu kwaso ka a faranti?"

"Gwada ki nake yi."

"Ka gwada ni? To ko fentin kirki ne, me zai sa injiniya ya yarda da tsanin da aka rufe wa jiki? Tsagewa yake nema. Wanda ya ɓoye masa, shi zai fara kora."

"Ke da ko kwan fitila ba kya kaiwa sai kin taka tebur, me kika sani a tsani?"

"Na san ba ya cizona. Cire agogo, sa safar hannu, ɗauko bokiti."

Haka babban ma'aikaci ya durƙusa a bakin titi yana wanke tsani da ruwan sabulu. Da ya rarumo samfefa mai kaushi zai goga a bushe, ta buge masa hannu.

"Ƙurar za ka shaƙa? Jiƙa shi, ga mai laushi. A hankali, ba bayan tukunya ba ne."

"Da na san bauta zan zo yi, da na aiko wani."

"Ai gado ka yi. Goga."

Da ya bushe, ta kwantar da shi a kan benci biyu, ta bi ƙafafunsa da ido da yatsa tun daga sama har ƙasa, tana danna kowace mahaɗa. Nan kam ba wanda ya yi wasa. Mai Wuta ya daina susa, ya tsaya yana kallon bakinta.

"Fatar ce kawai ta mutu, ƙashin lafiya lau," in ji ta. "Da na ga tsagewa ɗaya, da da zarto za ka mayar da shi gida gunduwa-gunduwa."

Ta canza robar ƙafa ɗaya da ta cinye. Ta shafa banish marar launi, wanda ake ganin komai ta cikinsa, ta bar matakan kada su yi santsi. Washegari ta ƙara shafi na biyu. Shi kuma ta manna masa salatif a damtse ta fizge, zaruruwan suka biyo, ya yi ƙarar da ta sa mai shagon kusa ya leƙo.

Ranar da aka duba kayan, da la'asar, tun daga nesa na ji hon ɗin motarsa. Ya fito yana tafiya kamar wanda aka naɗa.

"Kawu, mu bakwai muka jera! Tsani uku sun sha fenti, injiniya ko taɓa su bai yi ba, ya ce a fitar. Da ya zo kan nawa ya shafa da tafin hannunsa, ya duƙa ya leƙa, ya shafa kuma. Ya ce wa ya yi wannan aikin?"

"Ka ce wa?" in ji 'yata.

"Na ce wata baiwa ce da nake da ita."

"Baba, miƙo min gwangwanin azurfar nan. Yanzu zan kai wa injiniyan ya ga dabarar ma'aikacinsa."

"Kawu, ka yi mata magana mana."

Na ce ni kunnena ya yi nauyi kwanan nan.

Ya cire hula, ya rusuna a gaban masu jiran kujerunsu.

"To, na sallama. Ranki ya daɗe, uwar ɗakina. Na faɗa masa gaskiya, har ya karɓi lambarki, yana da tsani tara a ajiye."

"Ƙara ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Na ce na sallama!"

Ya koma mota ya ɗauko ƙunshi ya ajiye mata a kan tebur. Takunkumin masu feshi ne, mai matatar iska biyu, irin mai kyan nan.

"Saboda ƙirjinki," in ji shi. "Kuma in kin sa, unguwa ta huta da bakinki."

Ta ɗaura shi nan take. Abin da ta faɗa masa daga ciki ba mu ji ba, amma kafaɗunta rawa suke yi.