Gwangwanayen Goggo Asta

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara matan unguwarmu a falona don in koya musu yadda ake zaman gida ba. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Ina jin haushin mijina, ina jin haushin wayata, amma mafi yawan haushin nawa ne na kaina, kuma na cancanta.

Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a Jimeta, darasin kula da gida nake koyarwa (ku riƙe wannan, don shi ya ƙara wa abin muni). A Karewa muke zaune. Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwalbatin layinmu ya toshe da ledar fiya wata da robobin lemo da ƙunzugun yara, ruwa ya rasa hanya ya shigo mana har falo. Sai da muka fito da kaya tsakar gida don su sha iska na ga abin da na tara. Kuloli da ban taɓa zuba abinci a ciki ba, atamfofi da ban ɗinka ba har sun yi funfuna, kofunan biki masu hoton ango da amarya waɗanda wasunsu auren ma ya daɗe da mutuwa. Na tsaya cikin taɓo ina tsine wa duk mai zuba shara a kwalbati, ina tsine wa kaina.

A cikin wannan fushi na fara kallon wasu mata a waya, masu gida fes, kujera ɗaya da tukunyar fure ɗaya, suna cewa a rage saye, a rage tarkace, a rage shara. Magana ta shige ni. Abin da na fara yi don in rage saye kuwa shi ne sayayya: na yi odar kwalaben gilashi iri ɗaya daga Kano, da kwanduna masu murfi, da jakar yadi ta cefane. (Kwalayen da suka zo a ciki sai da suka cika bayan ƙofar kicin, amma lokacin ban ga abin dariya ba.)

Na zama masifa. Mai nama a kasuwa ya sha faɗa don ya ninka min leda. Mijina ya shigo da tsire a leda ya sha wa'azi har tsiren ya huce. A ɗakin malamai kuwa suka sa min suna Madam Ba Leda, ni kuma na ɗauka yabo ne.

Mutum ɗaya ce ta gagare ni a gidan, Goggo Asta, ƙanwar mahaifin mijina. Ta zo mana ne lokacin da mayaƙan nan suka shiga garuruwan arewacin jiha. Daga wani ƙauye can wajen Madagali ta fito, a ƙafa, ta cikin duwatsu, ta iso da ƙafafu a kumbure, ba ta da komai sai zanen jikinta da wani ƙullin tsumma. Mijinta, Malam, bai fito ba. Ba ta taɓa ba da labarin ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba, ina ganin hakan kawaici ne. Shekaru ta yi tare da mu ba a ji kanmu ba. Aibinta ɗaya a idona, ba ta yar da komai. Leda ta wanke ta shanya a igiya. Gwangwanin madara, gwangwanin tumatir, tsohon silifas, tsumma, duk ta kai ɗakinta ta tura ƙarƙashin gado. In na wuce ƙofarta sai in ji kamar an zage ni.

Na yi wa mijina ƙorafi ya fi a ƙirga. Kullum amsarsa ɗaya ce, in bar wa Goggo kayanta. Ba ya ƙara ko kalma, ba ya ma ɗago kai daga rediyonsa.

Lokacin zafi ne, irin zafin Yola da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, saura kamar wata guda ruwa ya sauka. Aka yi rasuwa a Ngurore, Goggo ta tafi ta'aziyya, ta ce sai an yi sadakar bakwai za ta dawo. Ni kuma na riga na gayyaci ƙungiyar matan unguwa ranar Asabar su zo su ga gidana in yi musu bayani. Ranar Alhamis na ɗaura ɗankwali a ƙugu na shiga ɗakinta.

Na jawo komai waje. Wasu gwangwanayen suna da nauyi, an toshe murfinsu da tsumma an naɗe da leda, in ka girgiza suna ƙara. Na ce a raina ko tsakuwa ce ko tsohon wake da ƙwari suka cinye. Ban buɗe ko ɗaya ba (wai kada in ɓata farce). Na kira wani dattijo baban bola da ke wucewa da baro, na ce ya kwashe duka. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce in bai so in kira wani. Na share, na goge, na ajiye mata kwando biyu sababbi, har hoto na ɗauka.

Ranar Asabar mata suka cika falo. Na sa farin leshi, na yi tuwon shinkafa da miyar busasshiyar kuɓewa, na zuba zoɓo a kofunan gilashi. Na ɗaga kwalbar kuɓewar na nuna musu, na ce wannan a bayan gidanmu aka shuka ta jikin katanga, ba leda, ba kasuwa. Ban ce ni na shuka ba, amma ban ce ba ni ba ce. Gaskiya ko ruwa ban taɓa zuba mata ba, aikin Goggo ne tun daga shuka har yanka da shanya.

Daga nan na hau faɗa. Na ce mu mata mu ne muka kashe garin nan da son tara abin da ba mu buƙata. Na ce kowane biki sai an raba robobi, kowane cefane sai leda goma, sannan in ruwa ya ci gida a ce ƙaddara. Har na kama sunan gidajen da nake gani suna aika shara kwalbati. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka murguɗa baki. Ya Falmata, wata dattijuwa 'yar Borno mai sayar da turaren wuta a ƙarshen layinmu, ita dai tuwonta kawai take ci tana kallona.

Ina tsakiyar magana aka yi sallama. Goggo ce, ta sami mota ta dawo da wuri. Ta gaisa da mata ɗaya bayan ɗaya, ta wuce ɗakinta. Na ci gaba da bayani, har ina jiran ta fito ta yi min godiya a gabansu. Ba ta daɗe ba ta fito, ko mayafi ba ta cire ba.

"Maman Ummi, ina gwangwani na?"

Na amsa mata da muryar da nake yi wa 'yan aji ɗaya magana. Na ce ai shara ce, na ba baban bola, ga kwanduna nan na saya mata masu kyau. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na juya wajen mata, na nuna ta da hannu, na ce, "Kun ga irin abin da nake faɗa muku. Mutum ya yi ta tara datti yana zaton dukiya ce."

Goggo ta dafa bango ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Hausarta irin ta mutanenmu ce, ba ruwanta da namiji da mace.

"Iri ne a ciki," ta ce. "Dawa na Malam, da wake, da riɗi, da kuɓewa. Shi na ɗaura a zani ranar da muka gudu. Ban ɗauki tukunya ba, ban ɗauki takalmi ba."

Ta ci gaba a hankali, kamar da kanta take magana. Ta ce iri in ya daɗe a ajiye mutuwa yake, shi ya sa kowace damina take shuka kaɗan jikin katanga, dawar kuma a wani ɗan fili da aka ara mata a Ngurore, ta girbe ta zaɓi mai kyau ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta rufe. Dawar nan mai saurin nuna ce, Malam ya gada wajen babansa, ba a samunta a kasuwa. Jira take hanya ta buɗe ta koma da ita gonarsu. Sannan ta dubi kwanukan da ke gaban mata ta ce kuɓewar da suke ci ma daga cikinsa ta fito.

Ya Falmata ta tsame hannu daga kwano. Ta tambaye ni ko na buɗe ko guda ɗaya kafin in bayar. Na ce a'a.

"Shekara nawa tana gidanki," ta ce, "kin san adadin ledarta, ba ki san abin da ta fito da shi daga wuta ba. Kuma ke ce mai koya wa 'ya'yanmu kula da gida."

Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Babu wadda ta yi dariya, kuma wallahi da sun yi da na fi samun sauƙi.

Ban san lokacin da na fita ba. Ya Falmata ta biyo ni, don ita ta san inda masu baro ke kai kaya, wani fili can wajen Jambutu. Muka tare keke. Mai wurin ya saurare ni yana goge zufa, ya ce gwangwani a ranar da ya zo ake bubbuge shi ya kwanta, abin da ke ciki kuma zazzagewa ake yi a ƙasa. Ya nuna min gefen da kaji ke tono. Ya ce in ina so in duba tulin da ba a kai ga bugawa ba, amma ba ruwansa in ƙarfe ya yanke ni.

Haka na hau tulin gwangwani da tsatsa cikin farin leshi, da tsakar rana, ina tono da hannu biyu. Masu aiki suka bar aikinsu suna kallo. Wata mata da ke wucewa ta tsaya ta ce ashe Malama ce, 'yarta tana ajina, ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau (me zan ce?). Na yanke a yatsa biyu. Can wajen la'asar na ci karo da gwangwanin madarar gari guda ɗaya mai tsumma a baki, murfinsa ya cije shi ya sa aka jefar da shi haka. Riɗi ne a ciki da tokarsa. Dawar kuwa, 'yan ƙwayoyi na gani a ƙasa cikin baƙin mai, na durƙusa na tsince su ɗaya ɗaya na ƙulle a bakin mayafi.

Na dawo gida na tarar mata sun watse, mijina yana zaune. Abin da ya fara ce min shi ne ai ya gaya min in bar mata kayanta. Nan na fashe. Ashe ya sani. Shi yake kai ta filin Ngurore a babur kowace damina, ni ina zaton ziyara suke zuwa. Na tambaye shi ko harshensa haya yake yi da ba zai iya ƙara kalma huɗu ya ce iri ne a ciki ba. Na ce masa shi ya jawo, na faɗi maganganu da yawa. Goggo tana ɗakinta tana ji. Ta ɗaga labule ta ce, "Shi bai shiga ɗaki na ba." Ta saki labulen.

Na shiga na durƙusa na ajiye mata gwangwanin da ƙullin, na ba ta haƙuri. Ta juya ƙwayoyin dawar a tafin hannu ta daɗe tana kallo, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba ta sake tayar da maganar ba. Amma kwana biyu bayan haka ta aiki mijina kasuwa ya sayo mata kwaɗo, ta sa a ƙofarta. Ko bayi za ta zaga sai ta kulle. Duk sanda na ji ƙarar kwaɗon nan sai in ji kamar an mare ni.

Ƙwayoyin da na tsinto Goggo ta shuka su da ruwan farko, ko ɗaya bai tsiro ba. Hutun makaranta na wannan shekarar a keke na ƙare shi, ina yawo da ita Sangere da Girei da duk inda aka ce mutanen yankinsu sun sauka, muna shiga gida gida neman iri. An taimaka mana da wake, an ba mu kuɓewa mai kama da tata. Dawar Malam kowa ya san ta, kowa ya yabe ta, babu wanda ya fito da ita. Da hanya ta buɗe Goggo ta koma ƙauye, ba da dawar ta koma ba. Ranar tafiyarta ta sa min albarka, ta shafa kan yarana, ta kulle ɗakin duk da babu abin da ya rage a ciki sai gado, ta miƙa wa mijina makullin ina tsaye a gefe.

Har gobe ina rage saye, ina rage shara, kuma ban fasa jin haushin mai zuba datti a kwalbati ba. Abin da na koya shi ne, wanda bai taɓa barin gida da zani ɗaya ba shi ke saurin kiran abu shara. Yanzu in hannuna ya fara ƙaiƙayin gyara, kayana nake farawa da su in ƙare da su. Na wani kuwa, ko ƙashin kifi na gani a ɗaure cikin tsumma, sai na yi sallama na tambayi mai shi tukuna.